Shin tunanin algoridim yana da gurbi a aikin zane?

Wani ɗalibi da ke shekara ta biyu a fannin ilimin kwamfuta ya aiko da wannan tambaya: "Malam, an koya mana cewa algoridim jerin matakai ne bayyanannu da ake bi ɗaya bayan ɗaya har a kai ga sakamako. Shi kuwa zane, a fahimtata, baiwa ce da abin da zuciya ta raya wa mutum. To ta yaya irin wannan tunani zai shiga ƙirƙirar zane, balle fassara shi? Idan kuma ya shiga, me ya rage wa mai zanen?"

Tambayarka ta ginu a kan zaton cewa ƙa'ida da baiwa kishiyoyin juna ne, kuma daga nan zan fara, domin masu sana'ar hannu ba su taɓa ɗaukar su haka ba. Kalmar algoridim ta samo asali ne daga sunan Muhammad ibn Musa al-Khwarizmi, masanin lissafin da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9, zamanin Halifa Ma'amun, wanda Turawa suka juya sunansa zuwa harshen Latin lokacin da suka fassara littafinsa na ƙidaya. Amma abin da kalmar take nufi ya girme shi nesa ba kusa ba. Ma'aunin da nake ba ɗalibaina shi ne: idan za ka iya bayyana wa wani yadda ake yin aiki, ya tafi ya yi shi daidai ba tare da ya dawo ya tambaye ka komai ba, to abin da ka ba shi algoridim ne. Duk inda ya tsaya ya ce "nan kuma yaya zan yi?", a wurin umarninka ya ƙare, hukuncin mutum ya fara. Mafi yawan abin da zan faɗa maka neman wannan iyaka ne a cikin ayyukan zane daban-daban.

Ka dubi hular da ke kanka. Wanda ya zana ta da biro a kan farin yadi sau da yawa ba shi ne ya ɗinka ta ba. Mai zane yakan fitar da fasalin, sannan a kai wa mai ɗinki, galibi mace a cikin gida, ta kwashe makonni tana cike shi da allura. Haka ma aikin babbar riga, inda ake zana aska biyu ko aska takwas da tambari kafin masu ɗinki su zauna. Na taɓa zama kusa da wani mai zanen huluna ina kallonsa, na lura cewa ba ya zana hular gaba ɗaya daga kansa. Yakan fara raba kewayen yadin gida-gida daidai wa daida, ya zana gida ɗaya da natsuwa, sauran kuwa hannunsa ne kawai ke maimaitawa yana hira da mutane. Da ya zo gidan ƙarshe ya ga filin ya ɗan gaza, sai ya matse siffar kaɗan yadda ido ba zai kama ba. Raba aiki, gano abin da ke maimaituwa, da sanin abin da za a yi idan lissafi bai cika ba, duk abubuwan da kake koya a aji ne, sai dai shi bai kira su da sunan da kuke kiran su ba.

Misalin da na fi so ya fito ne daga al'ummar Chokwe ta arewa maso gabashin Angola, masu zane a kan rairayi da suke kira sona. Mai zanen yakan fara dangwala ɗigogi da yatsa a jere, sahu-sahu, sannan ya ja layi yana ratsa tsakaninsu a karkace, yana ba da labari ko karin magana, kuma gwaninta ita ce ya kewaye kowane ɗigo ya dawo inda ya faro ba tare da ya ɗaga yatsa ba. Masanin lissafi Paulus Gerdes, wanda ya yi rayuwar aikinsa a Mozambik, ya shafe shekaru yana nazarin waɗannan zane-zane. Ka gwada mafi sauƙinsu da kanka a takarda. Ka jera ɗigogi sahu uku, kowane sahu ɗigo huɗu, ka kewaye su da akwati. Ka fara layi daga gefen akwatin, daidai saitin wani ɗigo, ka tafi a karkace tsakanin ɗigogin, duk lokacin da ka taɓa bango ka juyo kamar yadda haske ke juyowa daga madubi. Za ka ga layi ɗaya tak ya zagaye ɗigo goma sha biyun ya koma mafarinsa. Sai ka sake da sahu huɗu masu ɗigo shida-shida. Wannan karon layin zai rufe kansa alhali rabin aikin bai yiwu ba, dole ka ɗaga hannu ka fara na biyu. Da sahu uku masu ɗigo uku-uku kuwa layi uku kake bukata.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne: yawan layukan da ake bukata daidai yake da babbar lambar da ke raba yawan sahu da yawan ɗigon kowane sahu ba tare da saura ba. Uku da huɗu ba abin da ke raba su sai ɗaya, huɗu da shida biyu ke raba su, uku da uku kuma uku. Hanyar nemo wannan lamba tana cikin littafin Yuklid, masanin lissafin Girka, na kusan shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma tana cikin algoridim mafi tsufa da har yau ake koyarwa, wataƙila ma kun riga kun rubuta ta a aji. Abin lura shi ne, dattijon da ke son zanensa ya fita da layi ɗaya dole ya san waɗanne jere ne ke ba da haka, ko ya san inda zai sa wa layin shinge a tsakiya domin ya karkatar da shi ya haɗe zobba biyu su zama ɗaya. Wannan ilimi ne na ƙa'ida, ko da a yatsa yake zaune. Idan kuma ka yi jeren ɗigo biyu sau biyu, za ka sami zobba biyu sarƙe da juna, suna gittawa a wuri huɗu, wato siffar da ke kusa ƙwarai da dagi mafi sauƙi da muke gani a bangon gidaje da kayan fata.

Daga nan za ka fara ganin yadda wannan tunani ke taimakawa wajen karanta aikin da wani ya riga ya yi. Adon taurari masu sarƙaƙiya da ke bangon masallatai da makarantun Iran da Asiya ta Tsakiya, wanda ake kira girih, an daɗe ana ɗauka cewa da rula da kamfas aka zana kowane layinsa. Lallai an yi amfani da su, har ma Abul Wafa al-Buzjani ya rubuta littafi a ƙarni na 10 kan lissafin siffofi da masu sana'a ke bukata. Amma a 2007 wasu masana fiziks biyu, Peter Lu da Paul Steinhardt, suka wallafa bincike a mujallar Science suna nuna cewa daga wajen shekarar 1200 da yawa daga waɗannan ado ana iya fitar da su da siffofi biyar kacal, waɗanda dukan gefunansu tsawo ɗaya ne, kowace ɗauke da layuka da ke fita daga tsakiyar gefenta. Idan aka jera su gefe da gefe, layukan sukan haɗe da kansu, sai a share iyakokin siffofin a bar adon. Wani tsohon naɗaɗɗen kundin magina da ke ajiye a fadar Topkapi a Istanbul yana nuna iyakokin irin waɗannan siffofi a ƙarƙashin adon, da tawada daban. Sun kuma yi hujja da ginin Darb-i Imam na Isfahan, na 1453, cewa adonsa ya kusa zama irin jeren da ba ya maimaita kansa, wanda masanin lissafi Roger Penrose ya bayyana a shekarun 1970. An yi jayayya a kan wannan ɓangare na ƙarshe, domin guntun bango ba ya tabbatar da abin da maginin ya nufa da bangon da ba shi da iyaka. Duk da haka, wanda ya san siffofi biyar ɗin ba zai sake kallon bangon kamar da ba. Zai ga inda magini ya zaɓi wannan siffa ya bar waccan, kuma a wannan zaɓi ne ake bambanta gwani da mai kwaikwayo.

A ƙarni na 20 wasu masu zane suka mayar da ita kanta ƙa'idar ta zama aikin. Ba'amurke Sol LeWitt ya fara zanen bangonsa a 1968, kuma kafin rasuwarsa a 2007 ya bar fiye da dubu ɗaya, mafi yawansu ba da hannunsa aka zana ba. Abin da yake bayarwa umarni ne a rubuce, wasu su aiwatar, kuma idan baje koli ya ƙare a shafe bangon da fenti, umarnin na nan. Na 118, wanda aka fara yi a Boston a 1971, ya ce a sa ɗigo hamsin a bango ba bisa tsari ba, amma su bazu daidai a ko'ina, sannan a haɗa kowane ɗigo da kowane da miƙaƙƙen layi. Lissafi ya nuna layi 1,225 ke nan.

Na ba ɗalibai wannan umarni su rubuta shi a manhaja, kuma abin da ya faru ya fi duk wani bayani da zan yi. Haɗa layukan bai ɗauke su minti goma ba, madauki ne a cikin madauki, wato umarnin maimaitawa a cikin wani umarnin maimaitawa. Ɗigogin ne suka ba su wahala. Da suka ce wa kwamfuta ta zaɓi wurare yadda ta ga dama, sai ɗigogin suka cunkushe a wasu sassa suka bar wasu fayau, domin haka zaɓen kan-mai-uwa-da-wabi yake a gaskiya. Da suka jera su daidai kuma, sai zanen ya koma kamar takardar lissafi, rashin tsarin ya ɓace. Wata ɗaliba ta raba filin gida hamsin ta jefa ɗigo ɗaya a kowane gida, wani kuma ya sa sharaɗin cewa sabon ɗigo ba zai kusanci tsoho fiye da wani tazara ba. Dukansu sun bi umarnin, amma zanensu bai yi kama ba, kuma ajin ya rabu kan wanne ya fi kyau. Magini mai fensir a gaban bango yana warware wannan saɓani da ido ba tare da ya san ya warware komai ba. Kwamfuta ce ta tilasta mana mu ga cewa akwai hukunci a ɓoye cikin kalmomi biyu na umarnin.

Vera Molnár, haifaffiyar Budapest da ta zauna a Faris har rasuwarta a 2023 tana da shekara 99, ta bi ta wata hanyar. Tun kafin ta sami damar taɓa kwamfuta a 1968, ta kwashe shekaru tana aiki da abin da ta kira na'urar cikin tunani: ta kafa wa kanta dokoki, ta bi su da hannu mataki-mataki, tana sauya abu ɗaya a kowane zane domin ta ga abin da sauyin ya haifar. Daga baya ta shahara da jera murabba'ai cikin tsari sannan ta shigar da hargitsi kaɗan, har akwai aikinta da ta sa wa sunan kashi ɗaya cikin ɗari na hargitsi. A ganina ita ce ta fi kowa amsa tambayarka ta biyu. Na'ura za ta iya fitar da zane ɗari daga doka ɗaya, amma ita ce ke yanke nawa ne hargitsin, ita ce ke duban ɗarin ta ɗauki uku ta yar da saura, kuma ita ce ke komawa ta gyara dokar saboda abin da idonta ya gani.

Batun fassara ya fi wuya, kuma a nan nake so ka yi taka-tsantsan. A 1964 wani injiniya a ɗakunan bincike na Bell a Amurka, A. Michael Noll, ya ɗauki wani zanen Piet Mondrian, mai zane ɗan ƙasar Holland, na 1917, wanda gajerun sanduna ne baƙaƙe a tsaye da a kwance, ya rubuta manhajar da ke watsa irin waɗannan sanduna bisa ƙididdiga makamanciya. Ya nuna wa mutum ɗari kwafin zanen biyu. Ashirin da takwas ne kawai suka gane wanne ne na kwamfuta, hamsin da tara kuma suka ce na kwamfutar ya fi burge su. Da yawa sun ɗauka cewa wanda ya fi tsari shi ne na na'ura, wanda ya fi watsuwa kuma na mutum, alhali akasin haka ne. Ana yawan kawo wannan gwaji a matsayin hujjar cewa na'ura ta kamo mai zane, ni kuwa ban karanta shi haka ba. Abin da ya nuna shi ne abin da mutane ke zato game da na'ura, da kuma cewa siffar waje ta zanen ana iya taƙaita ta cikin 'yan dokoki. Bai taɓa tambayar yadda Mondrian ya iso ga waɗannan sanduna ba, bayan shekarun da ya yi yana zana itatuwa da teku da gadar da ke shiga ruwa yana rage su kaɗan-kaɗan. Noll ya sami abin kwaikwayo ne saboda wani ya riga ya yi wannan tafiya.

Akwai kuma haɗarin amincewa da ma'auni fiye da kima. A 1999 masanin fiziks Richard Taylor da abokan aikinsa suka ba da rahoton cewa zane-zanen Jackson Pollock, wanda ke ɗiga fenti a kan yadin da ya shimfiɗa a ƙasa, suna da siffar da ƙaramin yankinta ke kama da babbanta a matakai daban-daban, kuma aka fara tunanin amfani da wannan wajen tantance na gaske da jabu, abin da ya shafi kuɗi masu yawa. A 2006 Katherine Jones-Smith da Harsh Mathur suka nuna cewa wasu 'yan zane-zanen wasa da aka yi a kwamfuta cikin mintuna su ma sun tsallake gwajin. Taylor ya mayar da martani kuma muhawarar ta ci gaba, amma darasin aikin a fili yake ga mai rubuta manhaja: kafin ka ce ma'auninka ya gano hannun wani, sai ka gwada shi a kan abin da ka tabbata ba nasa ba ne.

Mu da muka tashi da rubutacciyar waƙa ba baƙin wannan rarrabewa ba ne. Khalil ibn Ahmad na Basra ya tsara ilimin aruli a ƙarni na 8, ya jera karuruwan waƙar Larabci cikin da'irori biyar, ta yadda idan ka sauya wurin farawa a da'ira ɗaya sai wani kari ya fito, kuma malamanmu sun auna waƙoƙin Hausa da wannan ma'auni. Mai aruli zai yanka maka baiti gaɓa-gaɓa ya ce nan ya karye, nan kuma zihafi ne, wato ɗan sauyi a kari da aka yarda da shi. Wannan aiki kwamfuta za ta iya yin mafi yawansa. Amma kowa ya san baitin da karinsa ya tsaya cif kuma ba ya motsa kowa, ya kuma san wanda ake maimaitawa shekara da shekaru, kuma aruli ba ya raba su.

Game da manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke fitar da hoto daga jimla ɗaya, bambancinsu da duk abin da na ambata shi ne ba mutum ne ya rubuta dokar zanen ba. Harold Cohen, mai zanen Ingila da ya koma Kalifoniya, ya shafe fiye da shekara arba'in daga farkon shekarun 1970 yana rubuta wa manhajarsa AARON dokoki da hannunsa, har yadda ake rufe siffa da yadda hannu ke manne da kafaɗa, saboda haka yana iya nuna maka layin da ya haifar da kowace ɗabi'a. Na yanzu kuwa an horar da su ne da ɗimbin hotunan mutane, abin da suka koya yana warwatse cikin lambobi masu yawan gaske da ba mai iya karanta su a matsayin doka. Shi ya sa hoton da aka sayar a gidan gwanjon Christie's a 2018 kan dala 432,500 ya tayar da gardama kan wa ya cancanci yabo, tsakanin waɗanda suka gabatar da shi, da wanda ya rubuta manhajar da suka ɗora aikinsu a kai, da masu zanen da aka horar da ita da ayyukansu. Mai rubuta jimla ya karɓi hoto yana yin zaɓi, ban musa ba, amma bai san ƙa'idar da ta yi aikin ba, don haka ta wannan fuska mai zanen hula ya fi shi kusa da tunanin algoridim.

Idan kana son ka gwada abin da kanka, kada ka fara da waɗannan manhajoji. Ka ɗauki hula ɗaya ko hoton bangon wani tsohon gida na Zariya ko Kano, ka rubuta umarnin da zai sa abokinka ya zana adon ba tare da ya gan shi ba, ka hana shi yi maka tambaya. Ka ajiye abin da ya zana kusa da na asali, ka yi alama a duk inda suka saɓa. Wasu wuraren za ka ga kai ne ka manta wani mataki, sai ka ƙara shi a umarnin ka sake ba wani. Wasu kuwa za ka ga mai aikin asali ne ya kauce wa tsarinsa, ya faɗaɗa wata siffa saboda ƙofa, ko ya sauya launi a gida na bakwai. Waɗannan ka rubuta su a takarda daban, kuma idan mai aikin yana raye ka je ka tambaye shi dalili.